Bututun da Ba a Huda Ba

Abin da ya kusa kashe shinkafar gonaki goma sha ɗaya a wannan ranin ba tsutsa ba ce, ba kuma tsuntsu ba ne. Bututu ne aka binne ba a huda shi ba.

Ga yadda aka yi. Hanyar ruwa ɗaya ce ta taso daga dam, ta ratsa fadamar har ƙarshenta. Masu gonaki kusa da dam su ne 'yan sama, sai 'yan tsakiya, sai can ƙurya inda ruwa ke isa a gajiye, wurin da ake kira wutsiya. Kowa ya gudu ya bar wutsiyar in ban da mutum ɗaya, shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba Na Wutsiya suke ce masa. Ba so ne ya zaunar da shi a wurin ba. Da aka raba gonar ubansu, wansa ya ɗauki ta sama, shi aka bar masa wannan. Fangali uku ne manya, ƙasa mai danƙo, shekara goma sha takwas yana fama da ita.

Kwana uku ake buɗe dam cikin kowane kwana takwas. Ranar farko ta 'yan sama, ta biyu ta 'yan tsakiya, ta uku ta wutsiya. 'Yan sama kuwa in ranarsu ta zo sai sun cika gona ruwa ya kai ƙwauri yana tumbatsa kan kunya, don a wurinsu shinkafar da ba ta tsaye cikin ruwa marar lafiya ce. Ranar Na Wutsiya ruwan kan yi rabin yini a hanya, ramin ɓera ya sha, tsagar siminti ta sha, ɓarawon ruwa ya sha. Abin da ke isowa bayan azahar bai fi fitsarin akuya ba.

Shekara uku kafin wannan ranin, wata malamar gona ta zo a kan babur, aka tara mata manoma a rumfar bakin ƙofar ruwa. Ta ce musu shinkafa ba kifi ba ce, saiwarta na son iska kamar yadda take son ruwa, in aka bar gona ta sha iska tsakanin ban ruwa da ban ruwa, ruwan zai ishi kowa kuma amfanin ba zai ragu ba. Wan Na Wutsiya ya tambaye ta ko ta taɓa yin dashe da hannunta. Aka yi dariya, aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta buɗe jakarta rumfar ta watse, saura Na Wutsiya kaɗai, shi ma ba ita ya tsaya saurara ba, tsohon da ke kula da ƙofar ruwa yake jira ya zo su yi faɗansu na kowane mako.

Abin da ta fitar daga jaka guntun bututun roba ne fari, tsawonsa bai cika kamu ba, rabinsa na ƙasa duk huji kamar rariya. Ta bi shi har gona, ta tuɓe takalmi ta shiga taɓo, ta binne rabin mai hujin, ta sa hannu ta kwashe lakar da ke ciki tas. Ta ce ta hujin nan ruwan da ke cikin ƙasa zai riƙa shiga, duk inda ya tsaya a bututun, nan ya tsaya a wurin saiwa.

"Ka zura hannu, wuyan hannunka daidai da ƙasa. In yatsunka sun taɓa ruwa, ka bar gona ta huta ko da samanta ya bushe. In ba su taɓa ba, ka ba ta ruwa yatsa uku, kada ka ƙara. Amma ranar da ta yi ciki ta fara fitar da kai, ka manta da bututu, kada ka bar ta ta bushe har ta gama fure. Ka ji, Baba?"

Ya ce ya ji.

"Kuma ka nuna wa 'yan'uwanka."

Ya ce to.

Bai nuna wa kowa ba, kuma yana da dalilinsa. Da suka ga farin abu ya leƙo daga gonarsa sai suka samu abin hira. Wani ya ce ya yi wa gonarsa hanci don ta yi numfashi, wani ya ce ta nan yake magana da aljanun ƙasa. Ya ɗora masa murfin gwangwani don kada kwaɗi su faɗa, aka ce ya sa masa hula. Na Wutsiya ba mai yawan magana ba ne, amma yana da riƙo. Ya ce a ransa duk mai so ya tako ya tambaya da bakin da ya yi dariyar.

A shekarar farko buhu ashirin da shida ya ɗauke inda da ƙyar yake samun sha bakwai. A ta biyu talatin. Wani makon ma sai ya aika wa tsohon nan, Mai Ƙofa, cewa kada ya wahalar da kansa, gonarsa ba ta jin ƙishirwa. Dariya ta ragu, leƙe ya ƙaru. Amma babu wanda ya tako. Wa zai je ya durƙusa gaban mutumin da ya kira mai aljanu?

Sai suka bi ta bayan gida. Matar Na Wutsiya tana da ƙane mai facin taya a bakin titi, shi ma yana da ɗan fangali a sama. Mai Faci ya je ya leƙa gonar mijin yayarsa, ya auna abin da ya fito sama da kara, ya tambayi yayarsa tsawon abin, ta nuna masa da hannu. Ya samo tsohon bututun famfo ya dinga yankawa da zarto yana raba wa mutane. Kowa ya kai nasa gona bayan an cika ta da ruwa, ya buga shi da dutse har ya nutse rabi, ruwa ya cika shi, ya ɗora masa murfin gwangwani. Murfin kam ba wanda ya manta da shi, don shi ido ya gani.

Kullum in Na Wutsiya zai wuce ta kan gaɓar hanyar ruwa yakan ƙirga fararen kawunan nan ta wutsiyar ido. Biyu, biyar, tara, sha ɗaya. Daɗi ya riƙa cika shi har yana gyara zaman fartanya a kafaɗa. Bai taɓa tsayawa ya ɗaga murfi ɗaya ba.

Ranar da abin ya fito fili, rana ce ta 'yan tsakiya, da hantsi. Ya biyo ta gefen gonar wansa sai ya ga ganyen shinkafar ya naɗe kamar tsinke, ƙasa ta tsage har ƙafar mutum za ta iya shiga. Wan nasa na zaune kan kunya yana gyara ƙotar lauje.

"Yaya, jiya ba ranarku ba ce?"

"Ranarmu ce."

"Ba ka ba ta ruwa ba?"

"Sau biyu ke nan ina barin nawa ya wuce. Ai ba kai kaɗai ka iya karatun bututu ba. Je ka duba, cike yake har baki."

"Ganyen nan fa?"

"Zafin rana ne. Da yamma yakan ɗan saki. Ko kana jin haushi mun gano sirrinka?"

Na Wutsiya ya sauka cikin gonar. Ƙasar na ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa kamar fasasshiyar tukunya. Ya ɗaga murfin. Ruwa ne fal, mai ɗumi, har da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Ya zura hannu, yatsunsa suka ci karo da laka mai tauri. Ya kama bututun da hannu biyu ya girgiza ya tumɓuke shi. Jikinsa sumul, ba huji ko ɗaya, gindinsa a toshe da danƙo kamar an yi masa marfi.

"Yaya, wannan ba bututu ba ne, kofi ne. Ruwan da ka zuba masa tun ranar farko shi kake ta gaisarwa kullum."

Wan ya karɓa ya jujjuya shi. 

"Naka yana da huji?"

"Ya fi ɗari."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Me ya hana ka tambaya?"

Suka tsaya suna kallon juna, mutum biyu masu furfura. Na Wutsiya ne ya fara sauke ido, don shi ya san maganar da ya yi wa malamar gona.

Ya bi sauran gonakin goma, yana tumɓukewa yana yarwa kan kunya. Duk kanwar ja ce. Ya ƙarasa rumfar Mai Faci da ɗaya a hannu, ya same shi ya tsoma tayar keke cikin bahon ruwa yana neman inda ke kumfa.

"A'a, mijin Yaya, yau da kanka? Ko ita ta koro ka?"

"Kai da ka yi shekara ashirin kana neman huji a jikin taya, ka rasa sanin inda ake buƙatarsa?"

"Ni aikina toshewa ne, Yaya. In ka ga na huda abu, to kuskure ne."

Ya miƙa masa bututun ya yi masa bayani a taƙaice. Mai Faci ya daina raha. Ya goge hannu a wando ya ce, "Har da nawa ke nan."

"Har da naka."

Daga nan sai bakin ƙofar ruwa. Mai Ƙofa na zaune a kan benci da sandar buɗe ƙofa a jingine kusa da shi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Ɗana, ka zo da mummunan labari, ni ma ina da nawa. Dam ya ja baya. An aiko mini jiya, daga wannan buɗewar sai bayan kwana goma sha biyar."

"Ba za su kai ba, Baba. Ko kwana biyar ba za su ƙara ba."

"Na sani."

"A yanki wani abu daga na 'yan tsakiya."

"Gona arba'in ce a tsakiya, kowa na tsaye da shebur a bakin tasa. In na taɓa ruwansu yau, gobe gawata za ku buɗe wa ƙofa. Ranar 'yan sama ta wuce, su suka ce ba sa so. Saura ta gobe, ita kuwa kai ka san mai ita."

Na Wutsiya ya juya. Ya kama hanya ya miƙe har gonarsa.

Shinkafarsa ta riga tasu dashe da kwana goma sha biyu. Ta yi ciki, ta yi kore shar, nan da can kai ya fara leƙowa. Makon da ya wuce da gangan ya bar ruwansa ya wuce, don bututu ya ce akwai saura, ya kuma yi lissafin gobe zai cika ta ta shiga fure cikin ruwa. Ya durƙusa ya ɗaga murfi ya zura hannu. Yatsunsa suka taɓo laka mai sanyi, ba ruwa. Gonar ta kai iyakar haƙurinta daidai ranar da ya tsara mata. In ta samu na gobe, bana sai ya wuce talatin. In ba ta samu ba, za ta yi fure a kan busasshiyar ƙasa, kuma ya san abin da hakan ke haifarwa.

Ya kuma san wani abu. Ruwan da ke wahala rabin yini kafin ya iso masa, in aka tare shi tun a sama da ƙarfinsa, zai iya jiƙa gona goma sha ɗaya, muddin ba wanda ya yi haɗama.

Ya iske matarsa a tsakar gida tana ninke wanki. Ya zauna kan turmi ya faɗa mata komai, har da abin da yake niyya. Ta ci gaba da ninkewa har ta gama da rigar da ke hannunta.

"Maigida, mu nawa ne a gidan nan?"

"Tara."

"Cikin goma sha ɗayan nan, wa ya taɓa bar maka ruwa na awa ɗaya?"

"Babu."

"Wan naka da ya ɗauki ta sama ya bar ka da ƙurya, shi za ka shayar?"

"Har da ƙaninki."

"Wannan ka bar ni da shi, kunnensa zan cire. Ina tambayarka, wa ya aike su?"

"Ni."

Ta dube shi.

"Yarinyar nan malamar gona ta ce in nuna musu, na ce to. Shekara uku ban nuna ba, ina kallo suna kwaikwayon rabin abu, ina jin daɗi. Da na ɗaga murfi ɗaya, da ba a zo nan ba. In gonakin nan suka mutu, ba za a ce Mai Faci bai huda ba, za a ce bututu ne ya kashe shinkafa. Daga nan har jikokinmu ba mai sake yarda a rage ruwa, wutsiya kuma ta zauna yadda take."

"Wutsiyar za mu dafa wa yara?"

"Ban ce ba za mu ji jiki ba."

Ta ɗauki kwandon wankin ta shiga ɗaki. Ya ji tana buɗe akwati tana rufewa da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Can ta fito da manyan ƙusoshi guda huɗu da ta ɓoye tun gyaran rufin ɗaki, ta zube su a gabansa.

"Ka tafi da kurfoti da gawayi. In za ka yi asarar, ka yi ta yadda ba za a sake ba."

Washegari da sassafe mutum goma sha ɗaya suka taru a rumfar bakin ƙofa, kowa da bututunsa a hannu, ba mai iya haɗa ido da wani. Na Wutsiya ya hura gawayi ya sa ƙusoshi a ciki. Ya tono nasa bututun ya zo da shi, ya miƙa aka riƙa zagayawa da shi hannu zuwa hannu.

"Ruwan yau nawa ne, na bar muku. Amma ba gonar da zai shiga sai mai ita ya huda bututunsa da hannunsa a gabana, ya binne, ya kwashe lakar ciki. Kuma yatsa uku. Wanda ya kai huɗu, ni da kaina zan toshe masa."

Wani dattijo ya ce, "Yatsun wa? Naka ai kamar taɓarya suke."

"To ka gode Allah da ba na Mai Faci aka ce ba."

Aka ɗan yi dariya, aka kama aiki. Warin ƙonanniyar roba ya cika rumfar. Mai Faci ya fi kowa sauri, yana hudawa yana cewa yau ya ci amanar sana'arsa. Mai Ƙofa ya sa sanda ya murɗa, ruwa ya taho da ƙarfinsa.

Yini guda Na Wutsiya bai zauna ba. Daga wannan gona zuwa waccan, yana buɗe baki da shebur, yana tsayawa har ƙasa ta gama haɗiya, don tsagaggiyar ƙasa sai ta sha ta ƙoshi kafin ruwa ya kwanta a samanta. In ya kwanta sai ya kama hannun mai gonar ya tsoma, ya ce ya ƙirga da kansa, sannan a toshe. A kowace gona sai ya maimaita dokokin nan uku, ya sa mutum ya faɗa da bakinsa kamar ɗan makaranta. Wanda ya manta ta ukun, ta lokacin fure, sai ya sake daga farko.

A gonar wansa aka ɗan ja. Ruwa ya kai yatsa uku, wan ya taka shebur da ƙafa.

"Ƙara mini kaɗan. Ka ga yadda ta wahala."

"Akwai gona huɗu a bayanka, Yaya."

"Ni ne fa babba."

"A gida. Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Da ƙanin ya toshe bakin ya juya zai tafi, wan ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Taka fa?"

"Tana nan."

Gona ta goma sha ɗaya ta sha bayan la'asar. Abin da ya rage aka sake shi ya gangara, Mai Ƙofa ya ƙara rabin awa a kan lokacin rufewa, iyakar abin da zai iya ke nan. Na Wutsiya ya bi ruwan da ƙafa yana kallon yadda yake sirancewa. Ruwan ya iso bakin fangalinsa na farko ya jiƙa wuri kamar faɗin tabarma biyu, ya tsaya.

Kwana goma sha biyar ɗin nan kullum sai ya je. Shi da matarsa da manyan 'ya'yansa sun gwada jido daga rijiyar unguwa da jarka a kan baro, suka ga kamar tofa yawu ne a kan dutse mai zafi, suka bari. Shinkafar ta fitar da kai ta yi fure a kan tsagaggiyar ƙasa. Kawunan suka fito farare, suka tsaya ƙiƙam, ba nauyin da zai sunkuyar da su.

Gonakin sama kuwa suka farfaɗo. Tara sun yi kyau sosai, biyu sun ba da rabi. Abin da ya fi ba mutane mamaki, waɗanda suka yi kyan sun fi na maƙwabtansu da suka yini cikin ruwa. Da rani ya zagayo ba sai an roƙi kowa ba. Mutanen nan goma sha ɗaya kowannensu ya zama malami, kuma ba wanda yake ba wani bututu sai ya sa shi ya huda da kansa. 'Yan tsakiya suka ɗauka, har manoman wata fadamar suka riƙa zuwa a kan babura suna ɗaga murfi suna zura hannu. A shekara ta biyu aka ƙirga bututu ɗari da ashirin a kan hanyar ruwan nan kaɗai. Dam ya daina ja baya kafin girbi, ruwa kuma ya riƙa isa wutsiya tun da hantsi, da ƙarfinsa, har waɗanda suka gudu suka fara dawowa neman wuri.

Shi kuwa a waccan shekarar buhu huɗu ya ɗauke daga fangali uku, rabinsa ƙaiƙayi. Wansa ya aiko da buhu biyu, Mai Faci ɗaya, wasu suka kawo kwano-kwano, wasu suka kawo godiya. Bai kai gida mai mutum tara zuwa damina ba. Kafin watan shuka ya kama ya sayar da fangali biyu, a lokacin da ƙasar wutsiya ba ta da mai so, a kan abin da aka taya. Yanzu wani ne ke noma su, ruwa na shiga har ya yi yawa. Na Wutsiya yana nan a kan guda ɗayan da ya rage masa.